Daga Karar Wudil Zuwa Majalisar ECOWAS: Wa Ya Aiki Wakilanmu?

Wanda ya tashi a Wudil ba ya buƙatar kalanda kafin ya san Juma'a ta ƙarato. Tun yammacin Alhamis ƙurar kara ke tashi, motoci na sauke shanu, yara na kora, masu abinci na hura wuta. Kafin hantsi ya dubi ludayi filin ya cika maƙil: ga fararen shanun Fulaninmu, ga jajayen rahaji masu dogon ƙaho, ga bokoloji, can gefe ga raguna uda da balami. Kana tsaye wuri ɗaya za ka ji Hausar Kano da ta Damagaram da ta Maraɗi, ka ji Fulatanci, ka ji yarukan fataken kudu da za su loda tirela zuwa Legas ko Fatakwal. Da yawa daga cikin dabbobin nan jiya suna kasuwar Maigatari, kwana kaɗan kafin nan kuma suna kiwo a ƙasar Nijar. Mai lissafi da naira da mai lissafi da jakar sefa su yi ciniki a kan sa ɗaya, a ce albarka, a ƙara, a sallama, dillali ya karɓi la'adarsa.

A wannan karar ce, cikin watan Agustan 2023, wani dillali da muka yi makarantar allo tare ya riƙe mini hannu ya yi mini tambayar da har yau ba ta bar raina ba. Lokacin sojoji sun kifar da Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, shugabannin ECOWAS sun taru a Abuja ranar 30 ga wata sun rufe iyaka sun ba da wa'adin kwana bakwai, an yanke wutar lantarkin da Najeriya ke tura wa Nijar, ko'ina maganar yaƙi ake yi. Abokin cinikinsa na shekara da shekaru, mutumin Damagaram, ya maƙale a can da dabbobi, shi kuma ga kuɗin mutane a wuyansa. Ya ce da ni, “Malam, kai da kake karanta jarida, waɗannan da suka toshe mana hanya, wa ya aike su? Ni dai ban tuna ranar da na dangwala musu ba.”

Na ce masa ai ya zaɓi shugaban ƙasa, kuma shugabannin ƙasashe ne suka yanke hukuncin. Ya ce a duk tsawon kamfen babu ɗan takarar da ya zo Wudil ya yi maganar Nijar ko ta iyaka. Gaskiyarsa ce, sai na yi shiru.

ECOWAS fa tana da majalisar dokoki, ko da yake jama'a da yawa ba su sani ba. An ƙaddamar da ita a Bamako a watan Nuwambar 2000, mazauninta Abuja, kujerunta 115 kafin ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso a 2025. Najeriya ke da 35, Ghana 8, Kodebuwa 7, sauran kowa shida ko biyar. Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram kuma tsohon shugaban Nijar, ya shugabance ta daga 2006 zuwa 2011, Ike Ekweremadu ya gaje shi. Amma ko mutum ɗaya a cikinsu ba talaka ne ya tura shi can ba. Majalisar kowace ƙasa ce ke tsamo wasu daga cikin 'ya'yanta ta aika. Sanata ko ɗan majalisar wakilai da muka zaɓa domin aikin Abuja, sai a wayi gari ya zama wakilinmu a Afirka ta Yamma, ba mu san ranar da aka sa sunansa ba, ba mu san abin da ya je ya faɗa ba.

A watan Mayun 2024 majalisar ta yi zama na musamman a birnin Kano, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga gadar Wudil. A nan aka zaɓi Memounatou Ibrahima ta ƙasar Togo, mace ta farko da ta shugabance ta, Sanata Barau Jibrin kuma shi ne mataimakinta na ɗaya. Abin alfahari ne ɗan Kano ya kai wannan matsayi, kuma ba laifin wani mutum nake nema ba. Tsarin ne ya sa taron ya zo ya wuce kamar bikin da ba a gayyace mu ba. A Juma'ar makon nan na shiga kara, ban ji mutum ɗaya ya ambaci zaman ba, alhali mutanen da ke wurin sun fi kowa shan wuyar rufe iyakar da ba a jima da buɗewa ba. Kuma da kuɗinmu ake yi. ECOWAS na karɓar harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da aka shigo da su daga wajen yankin, harajin da a ƙarshe yake faɗawa kan mai sayen batir da magani da kayan gyaran babur.

A takarda an daɗe da amincewa cewa jama'a ne za su zaɓi 'yan majalisar kai tsaye. Yarjejeniyar 1994 da ta kafa ta ta faɗi haka, dokar Disambar 2016 da ta ƙara mata iko ta sake nanatawa. Turo wakilai daga majalisun gida na wucin gadi ne, amma wucin gadin ya haura shekara ashirin. Ina cikin masu cewa a yi zaɓen. Sai dai na daɗe ina tunanin cewa zaɓen shi kaɗai ba zai amsa tambayar abokina ba.

A ɗauka gobe hukumar INEC ta kawo akwati na musamman domin majalisar ECOWAS. Su wa za mu gani a takardar ƙuri'a? APC da PDP da NNPP da sauran na gida. Me za a yi kamfen a kai? Rigimar Kwankwasiyya da Gandujiyya, da wanda ya yi titi da wanda ya raba taki. Kujerar za ta zama ladan haƙuri ga wanda ya faɗi zaɓen fid da gwani. Wanda ya ci zai je ya zauna a layin 'yan Najeriya, ɗan Ghana a layin 'yan Ghana, kowa ya karanta rahoton ƙasarsa kamar yadda ake yi yanzu. Matsalar ɗan kasuwar Wudil kuwa ba ta tsaya a iyakar Najeriya ba. Rabinta na wannan gefen shinge, rabinta na wancan gefe, kuma babu jam'iyyar da ke da ƙafa a gefen biyu da za ta ɗauki maganar gaba ɗayanta.

Turawa sun riga mu shiga wannan ruwa, kuma ya kamata mu dubi inda suka yi iyo da inda suka sha ruwa. Tun 1979 jama'ar Tarayyar Turai ke zaɓen majalisarsu kai tsaye. A zaɓen Yunin 2024 kujeru 720 aka yi takara a kai a ƙasashe 27. Jamus ke da 96, ƙaramar Malta 6, wato su ma sun rage wa babba sun ƙara wa ƙarami kamar yadda aka yi wa Najeriya, wadda ke da fiye da rabin jama'ar ECOWAS amma ba ta da rabin kujeru. Abin da ya bambanta su da mu shi ne, idan an shiga zauren ba a zama ƙasa-ƙasa. Ana zama ne aƙida-aƙida. Masu ra'ayin riƙau na tsaka-tsaki daga Jamus da Sifen da Folan suna inuwa ɗaya da ake kira EPP, wadda aka kafa tun 1976, kuma ita ta fi yawan kujeru a 2024 da 188. 'Yan gurguzu na dimokuraɗiyya na da tasu inuwar, masu rajin kare muhalli na da tasu. Ba a yarda wasu su kafa rukuni a zauren ba sai sun kai mutum 23 daga ƙasashe aƙalla bakwai. Saboda haka Bajamushe kan kaɗa ƙuri'a tare da Bafaranshe su kayar da wani Bajamushen. Da irin wannan ƙarfi majalisar ta matsa wa hukumar zartarwar Tarayyar lamba har ta yi murabus gaba ɗayanta a 1999. Da hannunta kuma aka soke ƙarin kuɗin kiran waya ga wanda ya tsallaka iyaka a 2017. Duk wanda ya taɓa canza layin waya a Maigatari ko Jibiya ya san darajar wannan.

Amma kada mu ɗauka komai ya yi musu daidai. Mai zaɓe a Jamus sunan jam'iyyarsa ta gida CDU yake gani a takarda, da yawa ba su ma san da EPP ba. Masu fitowa zaɓe sun ragu daga kusan kashi 62 cikin ɗari a 1979 zuwa ƙasa da 43 a 2014, kafin su farfaɗo zuwa kusan rabi. Jama'a kan yi amfani da zaɓen ne su huce haushin gwamnatin gida. A 2014 manyan jam'iyyun sun tsayar da ɗan takarar shugabancin hukumar zartarwa tun kafin zaɓe, kuma Jean-Claude Juncker na EPP ya hau. A 2019 sai shugabannin ƙasashe suka ture Manfred Weber, wanda jam'iyyarsa ta zo ta ɗaya, suka ɗauko Ursula von der Leyen wadda ba ta yi takarar ba. A 2022 majalisar ta nemi a ware kujeru 28 da duk Turai za ta zaɓa a jeri ɗaya, gwamnatoci ba su amince ba. Jam'iyyar Volt, wadda ke takara da suna ɗaya a ƙasashe daban-daban, kujeru biyar kacal ta samu a 2024. Abin da na fahimta shi ne shugabannin ƙasashe, a Turai ko a nan, ba sa sakin iko da son ransu, kuma jam'iyyar da aka ɗinka daga sama a ofis ba ta shiga zuciyar mai zaɓe da wuri.

A nan ne nake ganin mun fi su abin tinƙaho, domin mun taɓa yin siyasar da ta tsallake iyaka, kuma daga ƙasa ta taso.

A watan Oktoban 1946 'yan siyasa daga ƙasashen da Faransa ke mulka suka taru a Bamako suka kafa RDA ƙarƙashin Félix Houphouët-Boigny. Jam'iyya ɗaya ce mai rassa: PDCI a Kodebuwa, PDG ta Sékou Touré a Gini, reshen su Modibo Keïta a ƙasar da ta zama Mali, sai PPN ta Hamani Diori da Boubou Hama a Nijar. Sun yi takarar kujerun majalisar dokokin Faransa da ke Faris da sunan inuwa ɗaya, kuma a shekarar da aka kafa ta wakilan Afirka suka samu aka soke aikin tilas, dokar da har yau ake kira da sunan Houphouët. Manomin Maraɗi da na Gini sun ci moriyar abu ɗaya saboda wakilansu sun yi magana da murya ɗaya. Ƙarshenta ma darasi ne. A ƙuri'ar raba-gardama ta 28 ga Satumban 1958, Houphouët ya ce a zauna da Faransa, Sékou Touré ya ce a'a, kowane reshe ya bi kujerar mulkin ƙasarsa, inuwar ta yage.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne zumuncin NEPU da Sawaba. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, kuma kalmar sawaba ita ce tambarin gwagwarmayarta, har ta zama sunan Hajiya Gambo ta Zariya. A tsallaken iyaka jam'iyyar Djibo Bakary, wanda ya zama magajin garin Yamai na farko kuma ya jagoranci gwamnatin Nijar a 1957, ita ma Sawaba ake kiranta. Tauraro ne alamar ta nan, raƙumi alamar ta can. Mutanensu kuwa iri ɗaya ne: teloli, direbobi, 'yan koli, leburori, malaman zaure, manoman da haraji da jangali suka isa. Djibo ya ce a'a a 1958, aka kayar da shi, aka haramta jam'iyyarsa a 1959. 'Yan Sawaba da yawa suka gudo Kano, 'yan NEPU suka sauke su a gidajensu. Gwamnatin NPC a Kaduna kuma ta fi jituwa da gwamnatin Diori. Ka ga ke nan talakawa sun gane junansu a tsallaken iyaka, masu mulki ma sun gane junansu. Ba na ɓoye cewa labarin Sawaba ya ƙare da jini, domin sun ɗauki makami a 1964 aka murƙushe su da tsanani. Wannan ya faru ne bayan an toshe musu hanyar akwati, kuma shi ya sa nake son a buɗe hanyar.

Akwai wani abu a tarihin NEPU da ya kamata kowane Bakano ya tuna idan ana maganar majalisar ECOWAS. Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, En'e kuma na da ikon cusa nata mutane a tsakiya. NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma da aka tace aka sake tacewa ko kujera ɗaya ba ta kai Kaduna ba. Malam Aminu Kano da mutanensa sun sha ɗauri da duka a kan neman a bar talaka ya zaɓa da hannunsa. Zaɓen da wasu ke zaɓar wasu a madadinka mun san shi, mun san wanda yake amfana da shi.

Na san abin da za a ce. Na farko doka. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ce jam'iyya sai ta yi rajista da INEC, hedikwatarta na Abuja, kuma sashe na 225 ya hana ta ajiye dukiya a waje ko riƙe kuɗin da aka aiko mata daga waje. Akwai hikima a wannan, ba na son wata gwamnatin waje ta sayi zaɓenmu. Mun ga hayaniyar da ta tashi a ƙarshen Janairun 2019 da gwamnonin Damagaram da Maraɗi suka halarci gangamin Shugaba Buhari a Kano, 'yan adawa suka ce katsalandan ne. Suna da hujja, domin zaɓen Najeriya na 'yan Najeriya ne. Amma zaɓen majalisar da ta haɗa mu duka daban ne. Ana iya barin kowace jam'iyya da rajistarta ta gida, sai ta shiga wata inuwa ta yanki mai rajista a ECOWAS, a buga alamar inuwar kusa da ta jam'iyyar a takardar ƙuri'a, a ba inuwar kuɗin aiki daga harajin nan da muke biya, a tilasta mata bayyana lissafinta. Turai ta fara ba jam'iyyunta irin wannan tallafi tun 2004.

Na biyu tsoron ƙabilanci, kuma wannan ya fi damuna. Idan aka ce jam'iyya mai tsallake iyaka, wani zai hango jam'iyyar Hausawa daga Kano zuwa Damagaram, ko ta Yarbawa daga Ibadan zuwa Kwatano. Irin wannan za ta wargaza mu, kuma ba zan goyi bayanta ba ko da ta yarena ce. Maganinta shi ne sharaɗin da muka riga muka sani a gida, inda ba a rajistar jam'iyya sai ta bazu a jihohi. A ce inuwa ba ta samun rajista sai tana da rassa a ƙasashe da dama, na gaɓar teku da na tudu, masu Ingilishi da masu Faransanci da masu harshen Fotugal. Abin da zai haɗa su ba zai yi wuyar samu ba. Matar da ke ɗauko atamfa ta tsallaka Seme kukanta ɗaya da na direban da ya ɗauko shanu daga Maigatari: shinge bayan shinge, kowanne da hannu a miƙe, alhali yarjejeniyar 1979 ta ce ɗan yankin ya shiga kowace ƙasa ya yi kwana 90 ba biza. Bahaushen zangon Kumasi mai fataucin goro ya san wannan kukan. Makiyayin da aka yi wa dokar takardar ƙetare iyaka a 1998 ya san ta ba ta hana a tare shi ba, manomin da aka cinye wa gona ya san ba ta biya shi ba. Ga kuɗin bai-ɗaya na Eco da aka yi ta ɗage ranarsa. A kan waɗannan mutane za su iya rabuwa gida biyu ko uku bisa ra'ayi, wasu su ce a buɗe kasuwa gaba ɗaya, wasu su ce a kare manomin gida, kuma wannan rabuwar ita ce siyasa mai amfani.

Abu na uku shi ne mai ciwo. Nijar ta fita. Ita da Mali da Burkina Faso sun sanar a Janairun 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, kujerunsu 18 na majalisar suka zama fanko. A watan Maris na 2025 sojojin Nijar suka rusa jam'iyyun siyasa baki ɗaya, Mali ta bi sahu a watan Mayu. Mutanen da muka fi kusa da su, waɗanda muke raba iyakar sama da kilomita 1,500 da su, muke auratayya da su, yau babu jam'iyyar da za a ƙulla zumunci da ita a wurinsu. Wani zai ce to maganar ta mutu ke nan. Ni kuwa gani nake wannan ne babbar shaidar abin da nake faɗa. Ba a tambayi mutumin Wudil kafin a rufe iyaka ba, ba a kuma tambayi mutumin Damagaram a akwati kafin a fitar da shi ba. Da aka fita, jama'a sun yi murna a titunan Yamai, domin a idonsu ECOWAS ƙungiyar shugabanni ce da ta kashe musu wuta ta tsayar musu da magani. Babu wanda ya tashi ya kare ta saboda babu wanda ya taɓa jin tasa ce.

Mu tuna su wa aka saurara a lokacin rikicin. Tawagar farko ta ECOWAS, ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar tare da Sarkin Musulmi, ta dawo ba ta ga shugaban mulkin sojan Nijar Janar Tiani ba. Khalifa Muhammadu Sanusi na II ya je tare da Sarkin Damagaram aka karɓe su, malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka je aka karɓe su. Majalisar dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan yaƙi, sanatocin Arewa suka fito fili suka ce a'a. Majalisar ECOWAS kuwa ta yi taro ta intanet, ra'ayi ya rabu, hukunci ya ci gaba da zama a hannun shugabanni. Igiyar zumunci tana nan da ƙarfinta a masallaci da fada da kasuwa. A siyasa ne kawai ba ta da mariƙi. Da akwai inuwa ɗaya mai wakilai zaɓaɓɓu daga Kano da Maraɗi da Tamale da Kwatano, waɗanda ke tsoron fuskantar masu zaɓensu, kuma doka ta ce ba a sa takunkumi ko a tura soja sai da yardarsu, da wuya a yanke wutar asibitocin Yamai cikin kwana kaɗan ba tare da muhawara ba.

Sojoji ba sa dawwama, mun ga haka a ƙasarmu. Ranar da Nijar za ta koma kan akwati, abin da za ta tarar a ECOWAS shi zai sa ta dawo ko ta ƙi. Kafin nan ƙasashe 12 da suka rage na iya fara zaɓen, kuma ƙungiyoyin dillalan dabbobi da na direbobi da na manoma, waɗanda dama suna da abokan hulɗa a tsallaken iyaka, su ne tubalin da ya kamata a fara da shi. Ɗaliban jami'ar Aliko Dangote da ke nan Wudil ma na da rawar takawa, ko da ta gayyato 'yan majalisar ce su zo su yi bayanin abin da suka yi a can.

A watan Mayun 2025, ana shirin babbar salla, gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi zuwa waje. Na je kara neman ragon layya na tarar da abokina zaune a kan benci, igiyoyinsa a hannu, gefen da ake ɗaure manyan ragunan Nijar ya yi sarari. Bai sake yi mini tambayar ba, ya dai ce mutumin nasa na Damagaram ya bugo waya suna gaisawa, kowa na ba ɗan'uwansa haƙuri. Na ce masa idan masu neman kujerar Wudil da Garko ko ta sanatan Kano ta Kudu suka shigo kara neman ƙuri'a a 2027, ya tambaye su ko za su nemi a tura su majalisar ECOWAS, da wa za su haɗa kai idan sun je, kuma ko za su goyi bayan a ba shi damar zaɓa da hannunsa. Ya ce zai tara 'yan ƙungiyarsu su yi tambayar tare, a gaban sarkin kara.